Bindigar Maharban Waca: Daga Zamanin Tanimu Zuwa Madubin Saiti

A ƙarni na 19, Waca da Dungas da Mirya, ƙasashen Sosebaki, sun shiga hannun Damagaram, kuma bindiga na cikin abin da ya ba Damagaram wannan rinjaye. Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya rasu a 1884, ya zagaye birninsa da ganuwa, ya sayo bindigogi ta hannun fataken Tarabulus, ya sa maƙera suna zuba igwa, ana kuma haɗa albarushi a gida. Ruwayoyin da aka tattara suna ba shi bindigogi wajen 6,000 da igwa 40. Ko an ɗan yi ƙari a lissafin, ƙarfin ya isa har ɗansa Amadu Kuran Daga ya riƙa kai wa ƙasar Kano hari.

Galibin waɗannan bindigogi ɗure ake yi musu ta baki: albarushi, tsumma, sannan dalma ko guntun ƙarfe. Cikin bututunsu sumul yake, babu zaren nan da ke murɗa harsashi ya tafi a miƙe. Turawa sun san darajar wannan bambanci sarai. A taron Burusal na 1890 suka ƙulla yarjejeniyar hana sayar wa 'yan Afirka bindigogi masu zare, suka bar musu tsoffin na ƙanƙara da albarushin kasuwa. A Tirmini, cikin watan Yuli na 1899, dakarun Damagaram suka gamu da bindigogin Faransa, aka ga abin da yarjejeniyar ta haifar. Daga nan bindigar ɗure ta bar fagen fama, ta zama kayan maharba da masu bugun sallah a ƙofar fada.

Maharbin da ya gaji irin wannan bindiga ya san iyakarta, sai ya cike giɓin da ƙafarsa. Yakan karanta iska, ya bi sawu, ya ɗaura kan burtu a goshi ya yi sanɗa a durƙushe har barewa ta saki jiki da shi. Saitinsa bai wuce ya kwantar da ido a kan bututu ba. A ganina wannan ilimi ne cikakke, kuma abin takaici ne yadda ake barinsa yana tafiya tare da tsofaffi ba a rubuta shi ba.

Turawa ma sun yi fama da bututu marar zare, amma su harsashin suka gyara. A 1898, shekarar da aka kashe Kaftin Cazemajou na Faransa a Damagaram, wani Bajamushe, Wilhelm Brenneke, ya fito da dunƙulallen harsashi guda ɗaya na bindigar tsuntsaye. A 1931 Karl Foster ya yi nasa a Amurka, mai nauyi a gaba da rami a baya, don kada ya yi ta juyi a iska. A sassan Amurka masu yawan jama'a, inda doka ta hana farautar barewarsu da bindiga mai cin dogon zango, wannan harsashi ya samu kasuwa, daga baya aka soma ɗora masa madubin saiti.

Ɗora madubin ba wasa ba ne. Bindigar tana da naushi, don haka sai an kafa wa madubin mazauni mai ƙwari a samanta, in ba haka ba harbi kaɗan zai kwance shi. Dole madubin ya ba ido tazara, don kada ya daki gira. Sannan a yi ta gwaji a mita 50, ana murɗa shi har inda ido ya nuna ya zama inda harsashi ke sauka. Duk da wannan wahala, a bututu marar zare harsashin ba ya da tabbas bayan mita 100. Madubi yana ƙara gani, ba ya ƙara wa bindiga zango, kuma mai harbi daga nesa yakan raunata dabba ta je ta mutu a banza cikin daji.

A ƙasar Waca yau gona ta cinye mafi yawan dajin da ake sanɗa a ciki, abin da maharbi ya fi samu shi ne zomo da zabon daji da fakara, waɗanda ƙananan harsasai masu watsuwa suka ishe su. Farauta a Nijar kuwa tana ƙarƙashin dokar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta wajabta lasisi, ta kuma ware dabbobin da ba a taɓawa ko da wace irin bindiga.