Markus: Saurayin Da Ya Juya A Hanya, Ya Zama Uban Cocin Masar

Cikin marubuta Linjila huɗu da Kiristoci suka yarda da su, wato Matiyu da Markus da Luka da Yohanna, Markus ne ya fi daɗewa a gefe. Littafinsa ne mafi gajarta, babi 16 kacal, kuma shi kansa ba ya cikin almajirai 12 na Yesu Almasihu. Amma a yau akasarin masana sun tafi a kan cewa shi ya fara rubutu, sauran suka bi sawunsa.

Littafin Ayyukan Manzanni ya kira shi Yohanna Markus. Mahaifiyarsa Maryamu tana da gida a Urushalima inda masu bi na farko suke taruwa domin addu'a, kuma can Bitrus, almajirin Yesu, ya nufa a daren da ya kuɓuta daga kurkuku. Markus ɗan'uwan Barnaba ne, shi ya sa da Bulus da Barnaba suka fita wa'azi suka tafi da shi a matsayin mai hidima. Da suka isa Bamfiliya, a kudancin Turkiyya ta yau, sai ya rabu da su ya koma gida. Abin ya tsaya wa Bulus a rai. Da aka zo shirin tafiya ta biyu ya ce atafau ba zai sake ɗaukarsa ba, har suka yi baram-baram da Barnaba: Bulus ya ɗauki Sila, Barnaba ya wuce tsibirin Kubrus da Markus. Daga baya an shirya, domin wasiƙun da ke ɗauke da sunan Bulus sun ambace shi cikin abokan aiki masu amfani.

Shaida mafi tsufa kan rubutunsa ta fito daga Fafiyas, bishop na Hirafolis a farkon ƙarni na 2. Ya ce Markus tafintan Bitrus ne, ya rubuta abin da ya riƙe daga bakinsa ba tare da bin jeren aukuwar abubuwa ba. Masana suna sanya littafin a wajajen shekara ta 70 miladiyya, zamanin da Rumawa suka rushe Haikalin Urushalima. Da Girkanci mai sauƙi aka rubuta shi, labarin yana tafiya da hanzari. Babu batun haihuwar Yesu. Da wa'azin Yahaya mai baftisma ya buɗe. Tsofaffin kwafe biyu na ƙarni na 4, na Sinai da na Batikan, sun tsaya a babi na 16 aya ta 8, inda mata suka gudu daga kabarin Yesu cikin tsoro. Ayoyin da ke biye an same su ne a kwafe na baya.

Malaman coci na dā irin su Agustin sun ɗauki littafin a matsayin taƙaitawar Matiyu, don haka ba a cika yi masa sharhi ba. Sai a ƙarni na 19 masu bincike, musamman a Jamus, suka jera littattafan gefe da gefe, suka ga kusan kashi 90 cikin 100 na Markus yana cikin Matiyu, wani kaso babba kuma yana cikin Luka. Ashe wanda ake gani mai kwafa shi ne tushe.

A wurin Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, kuwa, Markus uba ne. Ruwayarsu ta ce da ya shiga Iskandariya takalminsa ya tsinke, ya kai wa wani baduku mai suna Aniyanus. Basilla ta soki badukun a hannu, Markus ya warkar da shi, badukun ya karɓi sabon addini, ƙarshe ma shi ya gaji Markus a shugabancin cocin. A shekara ta 68, in ji ruwayar, maguzawan birnin suka ɗaura wa Markus igiya a wuya suka ja shi a tituna har ya cika.

Gawarsa ma ba ta huta ba. A 828 wasu fatake biyu daga Benis ta Italiya suka sace ta daga Iskandariya, aka ce sun rufe ta da naman alade don kada jami'an tashar ruwa Musulmi su bincika. Benis ta gina masa katafaren coci, ta mayar da zaki mai fukafukai, alamar Markus, tambarin birnin. A 1968 Fafaroma Bulus na 6 ya mayar wa Kibɗawa wani ɓangare na gawar, aka ajiye shi a sabon babban cocinsu na Abbasiyya a Alƙahira, wanda Shugaba Jamal Abdul Nasir da Sarki Haile Selassie na Habasha suka halarci buɗe shi.

Har yanzu shugaban cocin Kibɗawa magajin kujerar Markus ake kiransa, kuma cocin Katolika na tunawa da shi kowace ranar 25 ga Afrilu.