Gidan Douglass: Barewa Ba Ta Gudu Ɗanta Ya Yi Rarrafe

Jama'a, galibinmu idan aka ce gado, sai hankalinmu ya tafi kan gida da gona. To, akwai wani gida na baƙaƙen fatar Amurka da abin da suka gada shi ne yaƙi da bauta.

Kakansu, Frederick Douglass, an haife shi cikin bauta a jihar Maryland wajen 1818. Ya koyi karatu a ɓoye, domin iyayengiji ba su son bawa ya san baƙi. A 1838 ya gudu zuwa New York cikin kayan ma'aikatan jirgin ruwa, da taimakon Anna Murray, wadda ya aura a shekarar. A 1845 ya buga littafin tarihin rayuwarsa, har da sunan ubangijinsa a ciki. Wannan ya jefa shi cikin haɗarin kamu, sai ya tafi Ingila, inda masoya suka tara fam 150 suka fanshe shi a 1846. Da ya dawo ya kafa jaridar North Star a 1847.

Da yaƙin basasa ya ɓarke, bai tsaya ga alƙalami kawai ba. A 1863 'ya'yansa biyu, Lewis da Charles, suka shiga runduna ta 54 ta Massachusetts, ta baƙar fata. Aka haramta bauta a 1865, shi kuwa ya rasu a 1895.

Sai dai fa haramci a takarda bai kashe cinikin mutane ba. Tattaɓa-kunnensa, Frederick Douglass na Uku, ya auri jikar mashahurin malamin nan Booker T. Washington, suka haifi Nettie. A 2007 ita da ɗanta Kenneth Morris suka kafa ƙungiya da sunan gidan, domin wayar da kan 'yan makaranta game da fataucin mutane da aikin tilas. Albarkacin cikar kakansu shekara 200 a 2018, suka ɗauki niyyar raba littafinsa kwafi miliyan ɗaya ga matasa.

Abin lura gare mu a nan shi ne, da sun so, da sun zauna suna cin albarkacin suna. Amma suka duba aikin da tsohon ya bari bai ƙare ba, suka ɗora daga nan. Kyan ɗa dai ya gaji ubansa. Allah Ya sa namu 'ya'yan su tarar da abin kirki da za su ɗora a kai, amin.