Mafarki da kwanciyar hankalin mai juna biyu

Mata da yawa sukan ga mafarkinsu ya yawaita idan suna da ciki, musamman a watanni 3 na ƙarshe. Sukan yi mafarkin naƙuda, jariri, ruwa, wani lokaci har abin firgita. Sinadaran jiki suna sauyawa, kuma nauyin ciki, motsin jariri da yawan fitsari suna katse barci. Wanda ya farka a tsakiyar mafarki ya fi tuna shi.

Mugun mafarki ba alama ba ce cewa wani abu zai sami jariri. Sau da yawa fargabar rana ce ke biyo dare.

Amma idan firgita ta zama ta kullum, ga baƙin ciki, kuka da ƙin abinci fiye da mako 2, a gaya wa ungozoma lokacin awon ciki a CSI. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce kusan kashi 10 cikin 100 na masu ciki suna fama da irin wannan damuwa, kuma tana da magani.

Kada a sha ƙwayar barci sai da izinin likita. Maigida kuma ya saurare ta, ya rage mata aiki.