Alli da Guba: Tarihin Filin Porton Down a Ingila

A watan Afrilu na 1915 sojojin Jamus suka saki iska mai guba a fagen fama na Ypres. Cikin 1916 Ma'aikatar Yaƙi ta Ingila ta killace wani fili kusa da garin Salisbury domin binciken irin wannan makami, filin da daga baya ya kai eka wajen 7,000. Shi ne Porton Down.

Ƙasar wurin alli ce zalla, wadda ta taru a ƙarƙashin teku daga ɓawon ƙananan halittu shekaru miliyan 66 zuwa 100 da suka wuce. Ruwa ba ya kwanciya a kan alli, turɓayar da ke bisansa kuwa ba ta da kauri ko ƙarfi. Saboda haka babu wata ciyawa da ke samun ƙarfin danne 'yan'uwanta, sai tsirrai iri-iri su yi zaman tare. A cikin allin akwai ƙanƙarar ƙyastu, wadda mutanen zamanin dutse suka haƙa a Easton Down. Wanda ya tono ramukan nasu a shekarun 1930, J.F.S. Stone, shi kansa ma'aikacin kimiyya ne a tashar.

Abin lura shi ne, ba ƙaunar daji ce ta ceci filin ba, shinge ne. Tun daga Yaƙin Duniya na Biyu garma da takin zamani suka cinye akasarin makiyayar alli ta Ingila, amma ba su tsallake waya ba. Yau ana samun malam-buɗe-littafi fiye da iri 40 a wurin. Sai dai kada kyan filin ya mantar da mai karatu cewa a nan ne Ronald Maddison, matashin sojan sama, ya rasu a 1953 bayan an gwada gubar sarin a jikinsa.

Kulawa ta gangan daga baya ta zo, kuma zomaye ne suka tilasta ta. Su ke kiwon filin a madadin tumaki, su hana kurmi rufe shi. Da annoba ta karkashe su a tsakiyar shekarun 1950, sai itacen junifa ya sami sararin tsirowa. Da suka farfaɗo kuwa, suka koma cinye duk tsiron da ya leƙo, har ya zamana akasarin junifar da ke tsaye tsofaffi ne. Shi ya sa a yanzu ake kewaye ƙananan wurare da waya a cikin babban shingen, a shuka irin junifa inda haƙorin zomo ba ya kaiwa.