Marayun da Iyayensu Ke Raye: Tarihin Jinyar Yaran Gidajen Marayu a Ƙasar Sin

Duk wanda ya bi tarihin gidajen marayu na ƙasar Sin zai tarar da abin da ni ma ya ɗaure mini kai: yawancin yaran da ke cikinsu iyayensu na raye, yasar da su aka yi. Bayan da gwamnati ta kafa dokar haihuwar ɗa ɗaya a 1980, 'yan mata ne suka fi cika gidajen, domin iyalai a karkara sun fi son ɗa namiji.

A 1995 wani shirin talabijin na Ingila, The Dying Rooms, ya nuna jarirai da aka bari suna mutuwa ba kulawa. Gwamnatin Sin ta musanta, amma duniya ta riga ta gani. Waɗanda suka fara yunƙurawa har da iyayen riƙo, domin tun 1992 doka ta ba baƙi damar ɗaukar yaran. A 1998 Jenny Bowen, Ba'amurkiyar da ta ɗauki yarinya riƙo, ta kafa Half the Sky don horar da masu reno. A 2003 Amy Eldridge ta tara kuɗin tiyatar zuciyar wani jariri, kuma daga wannan taimako ƙungiyar Love Without Boundaries ta samo asali. A 2004 gwamnati ita ma ta ƙaddamar da "Shirin Gobe", wanda ke biyan kuɗin tiyatar marayu masu naƙasa.

Sannu a hankali fuskar matsalar ta sauya. Yara masu ciwon zuciya, da tsagaggen leɓe, da shanyewar gaɓoɓi suka maye gurbin 'yan mata masu lafiya. A farkon 2014 birnin Guangzhou ya buɗe ɗakin ajiye jarirai a asirce. Kafin wata biyu an ajiye 262, kusan dukkansu marasa lafiya, dole aka rufe shi. A ganina wannan adadi ya fallasa tushen lamarin: sau da yawa kuɗin asibiti ne ke raba uwa da ɗanta, ba ƙiyayya ba.

Shi ya sa wasu ƙungiyoyin suka koma biyan kuɗin tiyata tun yaro na hannun iyayensa, domin rigakafi ya fi magani. Sai dai filin aikinsu ya ƙuntata: dokar sa ido kan ƙungiyoyin waje ta fara aiki a 2017, kuma a 2024 Sin ta daina ba baƙi riƙon yara, bayan fiye da 160,000 sun tafi ƙetare.

Yaran da suka rage, galibinsu masu naƙasa, a gida za su girma. Ni dai ma'aunin da zan auna wannan aiki da shi shi ne yawan iyayen da ba su kai ga ajiye ɗansu a bakin ƙofar gidan marayu ba.