Asalin Ƙafar Mota Ta MacPherson Da Kulawar Da Take Bukata

A shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da masana'antun Amurka ke neman mota mai rahusa, wani injiniya mai suna Earle MacPherson, wanda ya bar General Motors ya koma Ford a 1947, ya yi hikimar haɗa sifirin da shokozoba a sanda guda wadda kanta ke ɗaure a jikin mota. A 1950 aka bayyana wannan fasaha a Ingila cikin Ford Consul da Zephyr, daga bisani ta yaɗu har ta iso Kaduna cikin Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a can.

Amma kasancewar nauyi da girgizar hanya duka suna tarewa a mazaunin da ke saman sandar, mai roba da boris, sai makanikai suka naƙalci alamomin lalacewarsa, wato ƙara yayin juya sitiyari, da cinyewar taya ta gefe guda. Ƙa'idarsu kuwa, wadda ta wajaba a kiyaye domin tsare rai, ita ce a matse sifirin da na'ura kafin kwancewa, a sauya sandar hagu da ta dama tare, sannan a daidaita tayoyin.