Bonsai: tarihin iccen kasko da laifin da na ɗora wa yaro

Shekara uku da suka wuce, wani ƙanena da ke zuwa sarin kaya ƙasar Sin ya kawo mini tsaraba. Ɗan icce ne a cikin kaskon tangaran, tsawonsa bai wuce taƙi biyu ba, amma gindinsa a murɗe yake kamar na tsohon icce, ganyensa tsini-tsini kamar allura. Ya ce mini, "Yaya, sunansa bonsai. Mai kantin ya ce na cikin ɗaki ne, ruwa kawai yake so." Na ɗauke shi na kai aji, na ɗora bisa teburina, na ɗora wa shugaban aji nauyin ba shi ruwa kowace safiya.

Ba a yi wata uku ba ganyen ya koma ruwan ƙasa, ka taɓa shi ya zube kamar ƙaiƙayi. Na tsayar da yaron gaban ƴan uwansa na yi masa faɗa. Ya ce, "Wallahi Mushe, ban taɓa fashi ba, har Asabar da Lahadi nakan roƙi mai gadi ya buɗe mini." Ban yarda ba. Na karɓe shugabancin aji na ba wani. Sai da babban hutu ya zo na zauna ina bin tarihin wannan icce, a nan na gane wanda ya kashe shi. Abin da na samu shi nake so in kawo wa ƴan uwana malamai da iyaye, domin yanzu irin waɗannan itatuwa sun fara shigowa gidaje da ofisoshi.

Asalin abin daga ƙasar Sin ne, inda ake ce masa penjing, wato shimfiɗar daji a cikin faranti. Tsohuwar shaida da aka fi ambata tana jikin bangon kabarin wani ɗan sarki na daular Tang mai suna Zhanghuai, wanda aka rufe a shekara ta 706 kusa da birnin Xi'an. A zanen ana ganin bayin fada riƙe da faranti mai ƙananan duwatsu da tsirrai. Daga Sin sana'ar ta ƙetara teku zuwa Japon tare da malaman addinin Buda da jakadu da fatake. Wani dogon zane na Japon na shekara ta 1309 ya nuna ƙananan itatuwa a cikin kasake, an jera su bisa kantar katako. Japonawa suka rage duwatsu da kayan ado, suka mai da hankali ga icce guda. Sunan ma abin da yake nufi ke nan: bon faranti, sai shuka.

Babu wani irin icce na musamman da ake kira bonsai. Iccen daji ne kamar kowane, in ka dasa shi a gona zai girma ya yi inuwa. Abin da ke riƙe shi ƙarami aikin hannu ne: a datse rassa, a tsinke toho, a naɗe reshe da wayar tagulla har ya karɓi siffar da ake so, sannan duk bayan ƴan shekaru a zare shi daga kasko a rage saiwa a sake masa ƙasa. Idan an kula da shi haka yakan daɗe har ya binne masu shi. A fadar sarkin Japon da ke Tokyo akwai wani icce da ake ba shekara wajen 500, wanda shugaban mayaƙa Tokugawa Iemitsu, da ya yi mulki daga 1623 zuwa 1651, ya yi rainonsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda waɗannan itatuwa suke kwana. A Japon waje suke zama, bisa benci a tsakar gida, rana ta dake su, ruwan sama ya jiƙa su, ƙanƙara ta sauka bisa kansu. A ɗakin baƙi na gidan gargajiya akwai wani gurbi da ake kira tokonoma, kamar alkukinmu amma ya fi shi girma nesa. In babban baƙo zai zo, ko ranar salla tasu, sai mai gida ya shigo da icce ɗaya ya ajiye a nan. Bayan kwana biyu ko uku a mai da shi waje. Shi ma baƙo ne a ɗakin.

Masu wannan sana'a sun san darajar sarari. Bayan girgizar ƙasar da ta ragargaza Tokyo a 1923, wasu daga cikinsu suka tashi daga birnin suka koma Omiya, suka kafa unguwar masu bonsai a 1925, don neman iska mai tsabta da ruwa mai kyau da fili. Unguwar tana nan har yau. Akwai kuma iccen gidan Yamaki, wanda aka fara rainonsa a 1625. Yana tsakar gida a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945 lokacin da aka jefa bam ɗin nukiliya, tazarar wajen kilomita 3, katanga ta kare shi. A 1976 Masaru Yamaki ya ba da shi cikin itatuwa 53 da Japon ta yi wa Amurka kyauta don cikarta shekara 200 da samun ƴanci. Masu kula da shi a Washinton ba su san abin da ya gani ba sai a 2001, da jikokin mai shi suka zo ziyara suka faɗa. Iccen da ya tsira daga bam, da an kulle shi a aji irin nawa, da bai ga shekara ba.

To, ina aka samo maganar "na cikin ɗaki"? Turawa sun fara ganin bonsai da yawa a manyan baje-kolin Paris na 1878 da 1889 da 1900, da na Landan na 1910. Bayan yaƙin duniya na biyu, sojojin Amurka da suka zauna Japon suka koma gida da sha'awar abin. Hotunan da suka fi yawo a littattafai su ne na icce bisa ɗan tebur a tokonoma, ko a zauren baje-koli irin na Kokufu, wanda ake yi a Tokyo tun 1934. Wanda ya ga hoto bai ga an mai da iccen waje ba. Ga kuma mutanen biranen Turai da Amurka da ke zaune a benaye, babu tsakar gida. Kasuwa ta ga buƙata. Fim ɗin The Karate Kid na 1984 ya ƙara wa abin farin jini, aka cika kantuna da ƙananan itatuwa masu ganyen allura, irin wanda ƙanena ya kawo mini, ana sayarwa a matsayin adon falo.

Matsalar ita ce itatuwan gargajiyar bonsai na ƙasar sanyi ne. Dole su samu watanni na sanyi su yi barci kafin su sake toho, kuma suna son rana tsantsa. Hasken cikin ɗaki, ko da a idonmu yana da yawa, ɗan kaɗan ne a kan na waje. Wani abin takaici kuma, irin nawa yakan riƙe koren ganyensa makonni bayan saiwarsa ta mutu. Ke nan yaron nan ya yi kwanaki yana shayar da gawa, da gaskiyarsa.

Masu shuka na gaskiya sun nemo mafita wajen shekarun 1970 da 1980. Suka juya ga itatuwan ƙasashe masu zafi, waɗanda ba su san barcin sanyi ba. A gaba-gaba akwai dangin ɓaure na kudancin Asiya, saboda ganyensu mai kauri da santsi yana jure ƙarancin haske da bushewar iska, kuma suna sake toho da wuri in an datse su. Sai wani ɗan tsiro na Afirka ta Kudu mai ganye kumbura-kumbura da ke ajiye ruwa, wanda ake kira Portulacaria. A nan ne na yi dariyar kaina. Dangin ɓauren da Bature ke saye da tsada, ƴan uwansu ne ke ƙofar gidajenmu: ceɗiya, durumi, gamji.

Saboda haka in za a zaɓa, tambayar farko ita ce daga wace ƙasa iccen ya fito. In ganyensa allura ne, a bar shi, domin ko a waje zafin Afirilu da Mayu a nan zai wahalar da shi. In ana son wanda zai zauna kusa da taga, ceɗiya ta fi, ganyenta ya fi na durumi da gamji ƙanƙanta, kuma reshenta kawai za a yanka a kafa, kamar yadda iyayenmu ke dasa ta tun da. Tsamiya tana da kyau, ganyenta ƙanana ne kuma yakan rufe da dare, abin da yara ke son gani, amma ƴar rana ce, a bar ta a baranda. Kuka ma haka, kuma in ta zubar da ganye da rani a tsayar da ruwa, in ba haka ba gindinta ya ruɓe. Kariya tana da fure mai kyau da gindi mai ƙiba, sai dai ruwan jikinta dafi ne, ba a kai ta aji ko inda ƙananan yara ke wasa. Ko ceɗiyar ma, ɗakunanmu masu ƙananan tagogi da rufin kwano ba su ishe ta ba. A riƙa fitar da ita tana shan hantsi. Da hunturu da bazara ƙasar kasko na bushewa cikin yini, sai a taɓa da yatsa safe da yamma. A tabbata kuma kaskon yana da huji a ƙasa.

Da aka koma lakkwal, na nemi yaron, lokacin ya wuce kwaleji. Na je har gidansu, na gaida mahaifinsa, na ce a kira shi. Na faɗa masa cewa ni na kashe iccen, domin na ajiye shi inda ba zai rayu ba, na roƙe shi gafara. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Mushe." Mahaifinsa ya ce, "Malam, ai da ka bari, ya wuce." Amma na san bai wuce ba, tunda gaban mutum sittin na ƙaryata shi. Saboda haka na gayyace shi ajin, na maimaita maganar gaban ƙannensa.

Mu malamai muna son karin maganar nan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ce. Sai dai masu bonsai, da suka shekara fiye da dubu suna tanƙwara icce, sukan fara da sanin irinsa da abin da yake buƙata kafin su ɗauki waya da almakashi. Ni ban tambayi komai game da iccen ba, ban kuma saurari yaron ba.

Yanzu muna da ceɗiya uku a kasake bakin ƙofar aji, ƴan makaranta suka kafa su daga reshen wadda ke tsakar lakkwal. Ranar Litinin mukan shigo da ɗaya mu ɗora bisa tebur. Ranar Laraba kafin a tashi, mai aikin ranar ya mai da ita waje.